INUWAR GIGINYA

Akwai wata tsohuwa a wani ƙauye da ke tsakanin Rano da Kibiya, wadda yaro da babba ba mai kiranta da sunan yanka, kowa Iya ya ke ce mata. Ni ma a nan ba zan kira ta da wani suna ba sai wannan. Ba ta san shekarar da aka haife ta ba, gama a zamaninsu ba a rubutawa. In ka tambaye ta shekarunta sai ta yi dariya, ta ce ita dai tana goyon ɗanta na fari aka ce Sarauniyar Ingila ta zo Kano. Wannan kuwa a 1956 aka yi shi. Ta ga fam da sule sun tafi, naira ta zo a 1973, ta sha wuyar farin da aka yi a wannan shekara, ta kuma ga an tare kogi a Tiga har mutanen ƙasarmu suka koyi noman rani. Sa'ad da Allah Ya karɓi abinSa ta haura shekara tamanin.

Sana'arta da aka sani ita ce kaɗi da dakau, daga baya ta koma ƙuli-ƙuli. Amma ba da wannan aka san ta ba. Ita ce ungozomar ƙauyen. In naƙuda ta kama mace da tsakar dare ƙofarta a ke bugawa, ta ɗauki fitila ta fita, ko ana ruwa ko ana ɗari. Ita ke yanke cibi, ita ke tsaya wa mai jego har ta yi arba'in in ba ta da uwa a kusa. In mace ta rasu ita ke wanka. In kishiyoyi sun ɓata ita a ke kira, ta zauna tsakaninsu har su ci tuwo a ƙwarya ɗaya. Marayu nawa suka tashi a ɗakinta, ita kanta ba ta ƙidaya ba. Duk wannan ba wanda ya naɗa ta, ba kuwa wanda ya yanka mata albashi. Abin da a kan ba ta shi ne ɗan hatsi da sabulu, da ƙafar ragon suna in mai gida yana da hali, in ba shi da hali ta sa albarka ta tafi.

Da aka zo duba abin da ta bari, sai ga tabarma, da tukwane, da 'yan zannuwa, da akuya biyu. Shi ke nan.

Ran sadakar uku muna zaune a ƙofar gida, mutane na ta yabonta, kowa na faɗin abin da ta yi masa. Ɗanta na fari, wanda shi ma furfura ta riga ta cika masa gemu, yana sunkuye bai ce kome ba. Da jama'a suka ragu sai ya dubi liman ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, ina so in faɗi wata magana, in saɓo ce a gaya mini. Kowa na cewa Iya uwarsa ce. To, ni fa? Ni ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunana ba saboda kunya, amma na tashi ina jin tana kiran sunan 'ya'yan wasu, tana goya su. Dare nawa na farka ban same ta ba? Tuwonmu nawa aka raba da waɗanda ban san daga inda suka fito ba? Wani lokaci sai in ga kamar inuwar giginya ce, na nesa ka sha."

Liman ya yi shiru jim kaɗan, sa'an nan ya ce, "Ba saɓo ka yi ba, ɗana. Ka faɗi abin da ke ranka ne. Mu yi mata addu'a tukuna." Aka shafa fatiha aka tashi.

Maganar nan ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya, domin mutumin ba butulu ba ne, shi ya riƙe ta har ta cika. Tambayarsa kuwa ta wuce gidansu, ta shafi kowane gari da ke da irin Iya, ba kuwa garin da ba shi da ita. Mace ta ƙarar da shekara sittin tana hidimar mutane ba lada, ta mutu ba ta bar kome ba. Riba ta ci ko asara ta yi? In riba ce, daga haƙƙin 'ya'yanta ta ɗiba? Mu da muka amfana, mene ne ke kanmu? Bari mu bi su ɗai ɗai.

DA ME A KE AUNA TSAWON RAI?

Kowa na roƙon tsawon rai. In ka gaida sarki sai ka ce ransa ya daɗe, in an haifi jariri sai a ce Allah Ya raya. Amma yawan shekaru shi kaɗai ba abin yabo ba ne, gama kunkuru ma ya kan daɗe. Malamai sun karantar da mu cewa a wurin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, mafificin mutane shi ne wanda ransa ya yi tsawo aikinsa kuma ya yi kyau, mafi sharri kuwa wanda ransa ya yi tsawo aikinsa ya munana. Ashe shekaru kamar gona su ke. Wani an ba shi babba ya bar ta ta zama saura, wani an ba shi 'yar kaɗan ya cika rumbu. Abin tambaya ran girbi shi ne dami nawa aka ɗaure.

Sai dai mu mutane ma'auninmu gajere ne. Abin da ido ya gani shi mu ke ƙidayawa, watau soro, da garke, da rawani. Dubi littattafan tarihinmu. Tarihin Kano ya jero sarakuna tun daga Bagauda, ya faɗi shekarun da kowa ya yi a kan gado, da yaƙe-yaƙensa, da ganuwar da ya gina. Marubucin ya yi abin kirki guda, ya kan ambaci sunan uwar sarki. Amma galibi daga sunan ba ƙari. Muhammadu Rumfa ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, an lissafa abubuwan da ya ƙago, har kasuwar Kurmi da gidan sarauta. Wadda ta goya shi, ta koya masa magana, layi ɗaya ta samu. In uwar sarki ke nan, ina labarin uwar talaka?

Mu mutanen Rano ya kamata mu fi kowa gane wannan. A labarin Hausa Bakwai an ce Kano da Rano su ne sarakunan baba, saboda rini. Turkuɗin da aka rina a karofin ƙasar nan ya kan ƙetare Sahara, Buzu ya naɗa shi a Agadas ana sha'awa, bai san sunan marinin ba, balle na matar da ta kaɗa zaren. Rashin sanin sunansu bai rage kyan rawanin ba, kuma ba don su ba da babu shi. Haka aikin irin su Iya ya ke. Mutumin da ya zama malami, ko alƙali, ko direba, da wuya ya tuna cewa daren da aka haife shi wata ta tako cikin ruwa ta warware masa cibi daga wuya. Duk abin kirkin da ya yi daga baya kuwa tana da kamasho a ciki. Wanda ya ce Iya ba ta bar kome ba, tabarma da akuya ya ƙidaya, bai ƙidaya mutanen da ke zaune a wurin makokin ba.

LABARIN 'YAR SHEHU

Don kada a ce wannan magana ce ta lallashi, bari mu kawo wadda tarihi bai manta da ita ba, mu ga yadda ta haɗa gida da jama'a.

An haifi Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Ɗegel a 1793. Tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun tana ƙarama, sai ta tashi a hannun sauran matan Shehu. Ka ga ita kanta riƙo aka yi mata, ta san daɗin uwar da ba ta haife ka ba. Tana 'yar shekara goma sha ɗaya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta ga yunwa da gudu da mutuwar dangi a shekarun jihadi. Aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ta haifi 'ya'ya maza, ta yi renonsu, ta riƙe gidan Waziri, gidan da baƙi ba su yankewa. Tare da haka tana karatu tana rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa.

Mace mai wannan matsayi, da ta so, da ta zauna cikin gida ba wanda zai zarge ta. Amma ta duba ta ga matan ƙauyuka, da waɗanda yaƙi ya raba da garuruwansu, suna zaune cikin duhu, ba su san yadda a ke salla daidai ba, da yawa suna nan riƙe da bori. Ba su da ikon barin gidajensu su zo makaranta, ita kuma ba ta da ikon bin ƙauyuka ɗai ɗai. Sai ta yi dabara. Ta zaɓi mata dattijai masu hankali daga garuruwa, ta naɗa kowace ta zama jaji, ta ba ta malfa da jan rawani don a san ta. Jaji ta kan tattaro tsofaffin mata da 'yan mata ƙanana na garinsu, su tako a ƙasa har wurin Nana, su ɗauki karatu, su koma su koya wa matan auren da ke cikin gida. Su ne a ke kira 'Yan Taru. Da ya ke yawancinsu ba su iya duba takarda ba, sai ta riƙa tsara musu karatun cikin waƙa don ya zauna a ka, har sunayen surorin Alƙur'ani ta jera musu a waƙe. In sun zo su kan kawo ɗan abin da suka samu, kamar hatsi da zuma da man shanu, ita kuma ta raba wa mabukata.

Ba karatu kaɗai ta ke koya musu ba. Ta hore su da duba marar lafiya, da taimakon mai haihuwa, da kula da maraya, da sulhunta masu faɗa, watau aikin nan dai da Iya ta yi a ƙauyenmu.

Shehu ya rasu a 1817, Bello a 1837, Giɗaɗo a 1851, duk ta ga bayansu. Ita ta rasu a 1864 tana da shekara saba'in da 'yan kai, aka binne ta kusa da mahaifinta a Hubbare cikin Sakkwato. To, gidanta ya lalace ne saboda hidimar jama'a? Ɗanta Abdulƙadir ya gaji ubansa a wazirci, sarautar kuma ta zauna a zuriyarta. Waziri Junaidu, babban malamin nan da ya rasu a 1997, jikanta ne na nesa. Aikin 'Yan Taru ma bai mutu da ita ba, ƙanwarta Maryam ta ɗauka ta ci gaba.

HAƘƘIN NA KUSA

Mai karatu zai ce, "Ai wannan 'yar Shehu ce, matar Waziri, tana da masu yi mata daka da ɗiban ruwa. Iya kuwa ita ce mai dakan, ita ce mai ɗiban ruwan. In ta fita ba mai hura wuta." Wannan gaskiya ne, don haka kada mu yi saurin kore ƙorafin ɗanta.

Haƙƙi yana da tsari. Na gida shi ne gaba, sa'an nan dangi, sa'an nan maƙwabci, sa'an nan sauran jama'a. Akwai mutane, maza da mata, waɗanda ba su da rowa a waje amma gidansu ana kwana da yunwa, domin kyautar waje ana ganinta a yaba, ta cikin gida kuwa ba mai tafa mata. Irin waɗannan su aka yi wa karin maganar giginya, kuma sun cancance ta. Alherin da aka ƙwace daga bakin wanda ya wajaba a ciyar, aka kai wa wanda zai yi godiya a bainar jama'a, neman suna ne.

To, yaya za mu rarrabe? Ina ganin da abu biyu. Na ɗaya, a duba wa ya fi ɗaukar nauyin kyautar, mai bayarwa ko iyalinsa. Na biyu, a duba ko ya kan yi ta inda ba mai gani. Iya in tuwo ya kasa nata ta ke fara ragewa, wannan ko ɗanta bai musa ba. Barcin da aka rasa, nata ne ya fi yawa. Wankan gawa kuwa da wankin tsumman haihuwa ba aikin mai neman suna ba ne, gama wanda aka yi wa na farko ba ya godiya, na biyu kuma ba a faɗinsa a zaure.

Duk da haka ɗan nan ya rasa wani abu, kuma ƙarya ne a ce bai rasa ba. Yaron da ya farka cikin duhu bai sami uwarsa ba, tsoron da ya ji na gaske ne, ko da a daren nan ta ceci rai biyu. Abin da zan ce masa shi ne ya ɗora ɗaya gefen a ma'auni. An ce mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Shi kuwa tun yana yaro ba murhun da ke ƙauyen nan da ba shi da uwa a gindinsa, domin ba gidan da zai shiga a ce ɗan Iya ne a bar shi da yunwa. Da ya tashi neman aure ba a yi dogon bincike ba. Kuma wa ya koya masa riƙon tsohuwa shekara da shekaru ba gajiya, in ba wadda ya tashi yana gani tana yi wa wasu ba? Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Wani ya manne wa mai shi, wani ya manne wa 'ya'yansa.

Amma akwai mai laifi cikin wannan magana, ba kuwa Iya ba ce. Mu ne. Ƙauye guda ya ga mace ɗaya ta iya, sai kowa ya saki hannu ya bar mata, har shekara sittin. Da akwai mata huɗu ko biyar da suka koya a wurinta suna karɓa-karɓa, da ɗanta ya sami uwarsa dare huɗu cikin biyar. Nan ne hikimar Nana Asma'u ta fito fili. Ba ta ce ita kaɗai za ta ɗauka ba, ta san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Lura kuma da waɗanda ta ɗora wa tafiya, tsofaffin da suka gama reno da 'yan matan da ba su fara ba. Mai goyo ta bar ta a ɗakinta, aka kai mata karatun har gida. Ta tsara aikin yadda ba za a tauye haƙƙin yaro don a amfani gari ba. Mu mun yaba wa Iya, amma yabo ya fi taimako sauƙi, shi ya sa muka zaɓe shi.

AIKIN DA BA A BIYA

Waɗansu kuma, musamman samarin yanzu, su kan ce duk aikin da ba a biya ba wauta ne, in yana da daraja ai da an sa masa kuɗi. Wannan magana ta juya abin a kife. Nonon uwa ba a sayar da shi a kasuwar Rano, ba don ba shi da daraja ba. Ba na cewa kada a biya ma'aikaci haƙƙinsa. Ungozoma da malamin makaranta da mai jinya duk sun cancanci a biya su, kuma abin kunya ne garin da ya bar irin Iya ta tsufa tana tuyar ƙuli-ƙuli don ta sami na cefane. Amma kuɗi iyakarsa ya sayi lokacin mutum. Amanar da ke sa a buɗe masa ƙofa, wannan sai an shekara ana tara ta.

Mun ga misalin haka da idonmu. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan-inna a Jihar Kano saboda zargin da ya bazu a kan maganin, ba a koma ba sai a 2004, cutar kuwa ta sami hanya ta yaɗu har waɗansu ƙasashe. Da aka koma, an sa sarakuna da malamai sun yi magana, maganarsu kuma ta yi amfani. Amma namiji baƙo ba ya wuce zaure. Waɗanda suka shiga har tsakar gida, suka zauna a kan tabarma suka rarrashi uwar yaro, mata ne 'yan unguwa waɗanda aka sani aka yarda da su. Yaro na ƙarshe da cutar nan ta daji ta kama a Jihar Kano a 2014 ne, a ƙasar Sumaila nan kusa da mu, a 2020 kuma aka tabbatar ta ƙare a Nijeriya da Afirka baki ɗaya. Likitoci ne suka haɗa maganin, amma a tafin hannun irin su Iya ya isa bakin yara.

Sai dai alheri ma yana bukatar sani. Akwai al'adun jego da kakanninmu suka riƙe da kyakkyawar niyya, kamar yawaita kunun kanwa da kwanciya a kan gadon da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, waɗanda likitoci a Zariya suka gano suna da hannu cikin ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Abin da na fi girmama Iya da shi shi ne ba ta ɗauki tsufa hujjar ƙin koyo ba. Da ma'aikatan lafiya suka nuna mata amfanin sabuwar reza da wanke hannu, ta karɓa. In ta ga naƙuda ta yi tsawo ba ta jayayya, ita ke tsayawa a kan mai gida har ya nemo mota a tafi asibiti. Mai son mutane da gaske ya fi son su rayu bisa a ce shi ne gwani.

YADDA A KE TUNAWA

Saura tambaya ta uku, abin da ke kanmu. An karantar da mu cewa in mutum ya mutu aikinsa ya yanke sai ta hanya uku, sadaka mai gudana, da ilmin da a ke amfani da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. In ka duba da kyau, duk ukun nan a hannun masu rai su ke. Rijiya ba ta zama sadaka mai gudana in an bar ta ta rufta, ilmi ba ya amfani in ba wanda ya ɗauka. Don haka tunawa da mamaci aiki ne, ba ta ƙarewa da sadakar arba'in.

Addu'a kowa ya iya. Ci gaba da aikin kuwa, sai matan gari su zauna su raba shi tsakaninsu, maza kuma su bar su, su taimaka musu da abin hawa da abin hannu, kada a sake barin wata ita kaɗai. Akwai kuma abu na uku wanda ku masu karanta wannan littafi kuka fi kowa iko da shi.

Nana Asma'u ta yi wa manyan mutane marsiyya, har da ɗan'uwanta Bello da mijinta Giɗaɗo. Amma ba ta tsaya nan ba. Ta yi wa wata maƙwabciyarta mai suna Halima, ta yi wa wata jajinta mai suna Hauwa'u. Matan nan ba sarauta gare su ba, ba su ci gari da yaƙi ba. Yau fiye da shekara ɗari da hamsin ana sane da su, don kawai wata ta ɗauki alƙalami ta ce rayuwarsu ta isa a rubuta. Haka kuma wata tsohuwa da a ke kira Baba ta Karo, wadda ba ta taɓa haihuwa ba amma ta riƙi 'ya'yan wasu. Wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da ita a Giwa ta ƙasar Zazzau a 1949 da 1950 tana rubuta abin da ta faɗa. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito da Turanci a 1954, har yanzu ana karanta shi a manyan makarantun duniya don a san zaman Hausawa na dā. Abin murna ne, amma da ɗan abin kunya a ciki. Sai da baƙuwa ta ƙetaro teku kafin a sami mai tambayar tsohuwarmu labarinta.

Iya ba ta iya karatu ba, ko na boko ko na ajami. Abin da ta sani na haihuwa da reno, da asalin gidajen ƙauyen nan, da wa ya haifi wa, da yadda aka tsira a shekarar fari, mafi yawansa ya bi ta kabari, mu kuwa muna zaune kusa da ita shekara da shekaru da takarda a aljihu. Kai da ka sha wahalar zuwa aji da girmanka, bayan ka taso daga gona ko kasuwa, ba don karanta wasiƙa da sa hannu kaɗai ka koyi wannan abu ba. In kana da tsohuwa a gida, uwa ce ko gwaggo ko kaka, sayi ɗan littafin rubutu ka zauna kusa da ita da yamma. Tambaye ta sunan iyayenta da garin da suka fito. Tambaye ta wane sarki ke kan gado da aka yi mata aure, da abin da a ke ci a lokacin yunwa, da 'ya'yan da ta haifa, da waɗanda suka koma, da waɗanda ta riƙa. In kunya ta hana ta gaya maka, sa matarka ko 'yarka ta tambaya. Rubuta yadda ta faɗa, kada ka gyara mata baki, kada kuma ka damu da kyan rubutunka. Ka sa kwanan wata da shekara a kai, ka ajiye inda gara ba ta kaiwa.

Bayan arba'in ɗan Iya ya zo wurina da dare, ya ce in taimake shi mu rubuta sunayen waɗanda ta yanke wa cibi, iyakar waɗanda a ke iya tunawa. Muka fara da gidansu, muka bi ƙauyen gida gida, matarsa na tuna mana daga bayan ƙofa. Muka cika takarda muka juya bayanta, ba mu kai ƙarshen unguwa ta biyu ba. Cikin sunayen har da 'ya'yansa bakwai da jikokinsa. Da muka zo kansu sai ya ce in dakata, ya daɗe yana duban takardar ko da ya ke bai iya karanta ta ba. Sa'an nan ya ce in koma can sama, bisa duk sunayen, in rubuta nasa, tun da shi ne na fari.

Allah Ya jiƙan Iya, Ya jiƙan Nana Asma'u da sauran iyayenmu da suka riga mu, Ya ba mu ikon sauke haƙƙin waɗanda suka rage a hannunmu. Amin.